Kawu Mai Piyano

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Diffa, bayan jinyar da ta kusa cika shekara. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Yau wata biyar ke nan da 'yan kwanaki, matarsa ta fita takaba, sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kansa, don kada yaran da za su taso su san sunansa kawai.

Ranar zaman makoki tabarmin unguwa ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Akwai tsofaffin ma'aikata 'yan ritaya, waɗanda aka turo su gabas tare da shi tun suna samari. Akwai waɗanda ya koyar a lekol, wasu da furfura, wani da kakin jandarma. Manoman tattasai sun hauro daga bakin kogin Komadugu da laka a ƙafa. Mata kuma suka zo daga Gagamari cike da bayan wata mota, suka shige cikin gida suna gaisuwa da Barbarci. Kowa da yadda yake kiran sa. Tsofaffin ɗalibai na cewa Mushe, yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci, surukansa na cewa Malam, sauran gari kuwa Mai Piyano.

Ina zuba ruwa a butoci sai na ji wani mutum ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, "Mutumin kirki ne, Allah Ya gafarta masa. Sai dai kiɗan nan."

Ashe liman ya ji. Limamin unguwarmu tsoho ne mai ƙarancin magana, gidansa na jingine da na Kawu. Ya ajiye carbi a kan cinya ya ce, "Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Ban taɓa son sana'ar nan tasa ba, kuma ya sani, don a gabansa na faɗa. Amma ban taɓa tayar da kabbara na ji sautin abin nan ya tsallako mini katanga ba. Da ladan ya gyara murya zai kashe, ko da baƙi a ɗakin. Ban kuma taɓa waiwayawa sahun farko na rasa shi ba. Kai da ba ka kiɗa, yau da asuba ban gan ka ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya sake ɗaga maganar.

A bakin zaure kuwa mai gangar Kawu ne zaune a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma. Bamange ne, cikin dangin Barebari, ƙato, wanda suka yi shekara da shekaru suna kiɗan biki tare. Da na durƙusa in gaishe shi sai ya riƙe hannuna da ƙarfi, ya ce, "Mai jira na ya tafi." Waɗanda ke kusa ba su gane ba. Ni na gane, kuma kunya ta kama ni, don akwai laifina a cikin labarin. Zan zo kansa.

Daga Damagaram aka turo Kawu nan yana sabon malamin lekol. A lokacin duk ma'aikacin da aka ce ya tafi Diffa, har jaje dangi suke yi masa. Ya ce wa kakata shekara biyu zai yi ya dawo. Sai ya auri 'yar wani manomin tattasai, wadda muke kira Inna, ya koyi Barbarci mai karyayyen harshe da surukansa suka yi ta dariyarsa har ya tsufa, bai kuma koma ba sai ziyara.

A makarantar horon malamai ya fara taɓa piyano, wata tsohuwa mai iska, wadda sai kana taka ta da ƙafa kamar keken ɗinki take yin sauti. Yakan ce ita ta koya masa cewa kiɗa ma numfashi yake yi, idan ba ka bar shi ya shaƙi iska ba zai shaƙe masu saurare.

Ni da girmana na same shi. Na zo Diffa ina da shekara ashirin da huɗu, na sami aikin buga takardu a wani buro, wato ofishin gwamnati, Kawu ya ba ni ɗakin zaure. Wata rana ya shigo buron karɓar wata takarda, ya tarar ina buga tafireta ba na kallon yatsuna. Ya tsaya a kaina har na gama shafin. Da yamma muna cin tuwo ya ce, "Yatsun nan naka asara ake yi da su a kan takardar gwamnati. Wanke hannu ka zo."

Wanke hannu doka ce a wurinsa. Ko gwamna ne, ba ya taɓa masa kaya da maiƙon miya.

A kan Fara na fara. Haka yake kiran wata 'yar ƙaramar piyano mai batir shida da ya sayo a kasuwar tsallaken iyaka, duk da farin nata ya daɗe da komawa ruwan ƙwai. Tsawonta bai wuce hannu ɗaya da rabi ba. Lokacin da yake koyarwa a Toumour, inda babu kuran, wato wutar lantarki, a buhun shinkafa yake saka ta ya rataya a kafaɗa, ya koya wa yara lissafi da waƙa. Wani ɗan kasuwa da ya zo gaisuwa ya rantse mini har yau idan zai ninka bakwai, sai ya ji muryar Fara a kunnensa.

An rubuta mata sunayen muryoyi a jiki, sarewa, goge, ƙaho, amma duk wadda ka danna sauro ne mai mura yake fitowa. Babban aibinta kuma, ba ta san taushi da ƙarfi ba. Ko ka shafi haƙorinta, ko ka doke shi, amsa ɗaya za ta ba ka. Haƙora yake kiran fararen maɓallan nan da baƙaƙe, mu ma duk muka ɗauka. Na yi masa ƙorafi bayan wata uku, na ce wannan abin wasan yara ne.

Ya ce, "Tunda ba za ta yi maka raɗa ba, ba za ta yi maka tsawa ba, me ya rage maka?"

Na ce ban sani ba.

"Lokaci. Yaushe za ka sa yatsa, yaushe za ka ɗaga. Kai ka iya sawa. Ɗagawar ce ba ka iya ba."

Shekara guda cur na yi a kanta kafin ya yaye zanen da ke rufe da babbar piyanonsa, Baƙa.

Baƙa ta orkes ce, wato ƙungiyar makaɗan jiha, tun zamanin da ake da shi. Da 'yan orkes suka watse, wasu suka mutu, wasu aka mayar da su yamma, sai ta zauna a hannunsa. Mutum biyu ke ɗaukar ta, su ma da nishi. Haƙoranta na da nauyi, sai ka ji kamar kana tura ƙofar katako, kuma tana jin duk abin da yatsa ya yi. Muryoyinta ba su fi goma ba, shi kuma biyu kawai yake amfani da su. Idan bazara ta yi zafi rubutun ɗan gilashinta yakan dushe har ba a gani, amma bai dame shi ba, ya haddace inda komai yake.

Ranar da na fara zama gabanta duk abin da Fara ta rufa mini asiri ya fito fili. Yatsuna na sauka da ƙarfi ɗaya, kat kat kat. Ya saurara kaɗan ya ce, "Ba takardar neman aiki kake buga mini ba." Ya ture ni gefe ya zauna. Hannun damansa ba wani gudu yake yi ba, akwai samari a garin nan da suka fi shi sauri nesa. Hannun hagun ne abin kallo. Can ƙasa yake tafiya a hankali, kamar shanu sun doshi kogi da yamma, kuma duk wanda ke ɗakin sai ka ga kafaɗarsa ta fara motsi bai sani ba.

Ba zan ɓoye ba, Kawu yana da tsanani. Yabo yana yi masa nauyi a baki. 'Ya'yansa biyar ba wanda ya ɗauki kiɗa, kuma babbar 'yarsa ta gaya mini dalili: idan ka yi kuskure ba ya faɗa, sai ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Ni dai na jure don ina so. A shekara ashirin da wani abu, mafi girman yabon da na samu a bakinsa shi ne, "To, ba laifi."

Sau ɗaya muka yi faɗa.

A lokacin mu huɗu ne muke zuwa biki: Kawu a kan Baƙa, ni ina taya shi, mai ganga, da wata mawaƙiya. Da Kawu ya yi ritaya, gwiwa ta fara damun sa, sai ya sakar mini yawancin bukukuwan. Ni kuma na yi tanadi na aika Kano aka kawo mini tawa, mai launin azurfa, irin ta zamani. Tana da gilashi kamar na salula, muryoyi ɗaruruwa, ga ganguna da jita da ƙahonni duk a cikinta. Da yatsa ɗaya na hagu sai ka ji orkes guda ya tashi yana bin ka. A hammata nake ɗaukar ta. Daga nan na fara zuwa biki ni da mawaƙiya da lasifika biyu. Ban kori mai ganga ba. Na dai daina aika masa, wanda yanzu na san ya fi korar muni.

Na kai wa Kawu ita ya gani. Ya wanke hannu, ya zauna tun bayan azahar har la'asar yana bin muryoyinta ɗaya bayan ɗaya. Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce sautinta ya fi na Baƙa tsabta, ƙahonninta kamar na fareti, kuma wanda ya ƙera ta ya san aikinsa. Haƙoran ne ya ce sun yi masa sakwaf, kamar kana taɓa soso. Sai ya kunna gangar cikinta, ya bar ta tana bugawa, ya naɗe hannu.

Ya ce, "Idan amarya ta shigo fili tana jin kunya, tana jan ƙafa, wa zai gaya wa wannan ta rage gudu?"

Na nuna masa maɓallin da ake rage gudun da shi.

"Wato kai za ka gaya mata. Mai ganga ba a gaya masa. Ƙafar amaryar yake kallo." Ya kashe ta. "Shekaranjiya na gan shi a tasha yana dakon buhunan tattasai. Ya ga na gan shi, ya juya baya."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, zamani ne. Masu biki ma abin da suke so ke nan."

"Masu biki ka tambaya, ko kai ka yanke musu?"

Raina ya ɓaci. Tun da nake ban taɓa ce masa kai ba sai ranar. Na ce, "Kai ma ai da ka kawo piyano garin nan akwai waɗanda ka tura gefe. Ina masu gurmin da ake kira a da?"

Inna da ke tankaɗe a tsakar gida ta tsaya cak. Kawu ya dubi tabarma ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Na san su, har gidajensu. Shi ya sa nake gaya maka." Ya tashi ya shige ɗaki.

Wata uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Sai na fara jin labari wai Mai Piyano ya dawo fili. Ƙananan taruka yake karɓa, suna, walimar sauka daga aiki, irin waɗanda ya daɗe da bari. Ban yarda ba sai da na gani da idona wata Asabar. Rana tsaka, a wani lungu bayan kasuwa, ga Kawu da gwiwarsa mai ciwo ya kama gefe ɗaya na Baƙa, mai ganga ya kama ɗayan, suna sauke ta daga amalanke. Na laɓe a bayan wata bishiyar bedi kamar ɓarawo.

Na tsaya har suka fara. Sunan jariri ne, mutane ba su fi arba'in ba. Kakar jaririn ta fito rawa, tsohuwa tukuf. Mai ganga ya dubi ƙafarta ya ja kiɗan baya. Na ga hannun hagun Kawu ya tsaya a sama, bai sauka ba, yana jira, sai da sandar gangar ta faɗa kan fata sannan ya sauka tare da ita. Haka suka yi ta yi, shi yana bin tsohuwa, Kawu yana jiran sa. Shekara goma ina zaune kusa da su ban taɓa lura da wannan ba, don kaina na kan yatsuna.

Washegari na je gidan mai ganga. Bai bar ni na gama ba da haƙuri ba, ya ce a kawo mini ruwa. Daga can na wuce wurin Kawu na durƙusa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗauko azurfar taka. Akwai inda ake kashe gangar a bar sauran, na gani ranar." Ashe tun a zaman nan na farko ya gano, ya yi shiru. Tun daga lokacin haka nake yi. Har shi ma daga baya yakan aro ƙahonninta idan za a yi taken ango.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ƙauyukan bakin kogi suka watse, gonakin tattasai suka zama wurin tsoro, mutane suka cika gefen hanya da rumfunan tampol. Aka sa dokar hana fita, biki ya koma na rana, a yi a tashi kafin magariba, sau da yawa ma ba kiɗa. Gari ya cika da ma'aikatan agaji. A cikinsu akwai wani Bature mai son kiɗa da yakan zo gidan Kawu ranar Lahadi. Da wa'adin aikinsa ya cika, sai ya bar masa wata 'yar na'ura, irin wadda masu sana'armu ke kira sante, daga sunanta na Faransanci.

Ba mu taɓa ganin irinta ba. Haƙoranta ba su kai talatin ba, maɓallan murɗawa sun fi su yawa. Ba lasifika a jikinta, ba ganga, ba murya ko ɗaya da aka ajiye a ciki. Kai za ka yi ta murɗe-murɗe har ka gina muryar da kake so. Kuma ko haƙori biyar ka danna, ɗaya kawai za ta faɗa. Kawu ya gwada ta kwana biyu, ta yi masa kukan kwaɗi da ƙarar jirgi, ya ce, "An ba ni akwatin gyaran rediyo." Ya ɗora ta a kan kabad.

Dangin Inna na cikin waɗanda suka gudo suka zauna a Gagamari, shi ya sa yakan je can gaisuwa. A wata tafiyar ya ga wani tsoho zaune a inuwar tampol, yatsunsa na motsi a kan sandarsa. Kawu ya dubi kumatunsa da suka saki, ya ce wa Inna, "Wannan mai busa ne." Haka ne kuwa. Mai algaitar ƙauyensu ne. Ranar da suka gudu jikoki biyu ya ɗauka, algaitar ya bar ta rataye a ɗaki. Shekara biyu bai yi busa ba.

Kawu ya gayyato shi cin abinci ranar Juma'a, ya ce in zo da tawa. Na zo da alfahari, don akwai muryar algaita a cikinta. Na zaɓo ta, na buga wani taken bakin kogi da na sani. Tsohon ya saurara da ladabi, sannan ya juya ya yi wa Inna tambaya da Barbarci. Inna ta rufe baki da gefen lafaya tana dariya.

Na ce, "Inna, me ya ce?"

"Wai akuyar wa aka ɗaure a ciki?"

Sai tsohon ya rera taken da hanci, yadda yake a wurinsu. Na bi shi, amma akwai wata murya da na rasa. Na danna farin haƙori, ya yi ƙasa. Na danna baƙin da ke kusa, ya yi sama. Kawu ya gwada a kan Baƙa, haka nan. Muryar tana tsakanin haƙori da haƙori, inda ba a yi wa yatsa wuri ba. Can sai na ga Kawu ya ɗaga kai yana kallon saman kabad.

Ita sante ana iya murɗa muryarta ta hau ko ta sauka da kaurin gashi, tana kuma iya zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da tsalle ba, yadda maƙogwaro ke yi. Faɗar abu ɗaya a lokaci ɗaya da muka ɗauka aibi ne, ai ita ma algaita haka take. Duk Juma'a bayan masallaci tsohon zai zo. Ya rera, Kawu ya murɗa, tsohon ya girgiza kai. Wahalarta ba kaɗan ba ce. Ba ta riƙe abin da aka koya mata, kuma zafi na sa muryarta ta goce, abin da ka daidaita da hantsi kafin azahar ya karkace. Kawu ya manna filasta a gefen kowane maɓalli yana jan layi da alƙalamin bik. Sun fi wata biyu a haka. Wata Juma'a ina zaune sai tsohon ya daina rerawa a tsakiya, ya rufe ido, yatsunsa suka kama motsi a kan gwiwa. Da Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Kalewa." Wato lafiya lau.

Kawu ya ce mini, "Wannan ba ta san komai ba, shi ya sa take koyuwa. Taka ta riga ta san komai." Daga baya na gano cewa tawa ma tana da wurin gyara muryoyin, a ɓoye can cikin shafukan gilashinta. Da na gaya masa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe ba ita ce ba ta koyuwa ba."

Duk wannan lokacin akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Ya aika Mainé-Soroa wurin wani maƙerin algaita. Ranar da algaitar ta iso bai yi wani jawabi ba, ya dai ajiye ta a gefen tiren abinci kamar cokali. Tsohon ya gan ta, bai taɓa ta ba sai da ya gama ci ya wanke hannu. Ya ɗauka ya shinshina, ya jujjuya ta. Da ya busa, numfashin ya yanke masa a tsakiya. Ya sake, ya sake yankewa. Ya ajiye ya ce ya tsufa, a ba wani. Kawu ya kunna sante ya ce, "Busa. Inda ka yanke ina nan, ba wanda zai ji rami."

Bayan damina aka yi auren wata jikar tsohon a Gagamari, biki na farko da mutanen ƙauyen suka yi da kiɗa tun gudowarsu. Da batirin mota muka tayar da kayan, a fili tsakanin rumfuna, da ƙarfe biyu na rana. Mai ganga ya fara, Kawu ya shigo da sante, tsohon ya cika kumatu ya ɗauki taken ƙauyensu. Ba wanda ya yi rawa da farko. Matan da ke rabon abinci suka tsaya da kwanoni a hannu. Wata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Maza suka sunkuyar da kai. An daɗe a haka kafin wata tsohuwa ta gyara lafayarta ta fito tsakiya, hawaye na zuba, tana taka ƙasa a hankali. Sai sauran suka biyo ta.

Ni ina kallon hannun Kawu. Tun da ya ji numfashin tsohon ya daidaita, ya kama maɓallin ƙara yana ragewa kaɗan kaɗan, har ya kai ƙarshe. Ya ɗauke hannu ya ɗora a cinya. Tsohon bai ma sani ba, shi kaɗai ya yi ta busa har la'asar.

A mota na ce, "Kawu, wata biyu kuna wahala da na'urar nan, ko minti biyar ba a ji ta ba."

Ya ce, "Ai ta gama aikinta." Ya jingina kai ya yi barci har Diffa.

Ciwon ya fara masa da shanyewar ɓarin dama. Magana ta yi masa nauyi, amma hankalinsa garau. Nakan biya bayan an tashi daga aiki in zauna da shi. Wata rana na tambaye shi abin da na daɗe ina so in tambaya, wai a cikin duk piyano da na'urorin da ya taɓa wacce ta fi. Ya ce Baƙa ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan hannunsa ba, ko ranar da yake son a yi masa. Ya ce kada in ji kunyar tawa, ita ke ciyar da gidana da gidan mai ganga. Na ce masa ai bai amsa tambayata ba.

Ya ce, "Da gobara za ta tashi, Fara zan ɗauka."

"Saboda Toumour?"

"Saboda ita kaɗai nake iya ɗauka da hannu ɗaya." Ya yi dariya da rabin bakinsa.

Makon jiya, bayan Inna ta fita takaba, ta aika a kira ni. Na tarar ta share ɗakinsa, ta yaye zanen da ke kan Baƙa. Ta ce in buga mata wata waƙar rakiyar amarya ta Barebari, wadda Kawu ya koya mini tun farko, nake kuma buga ta a kowane biki. Na wanke hannu na zauna. Ina kaiwa wata gaɓa kusa da ƙarshe ta ce, "Tsaya. Nan wurin ba haka yake ba. Sauka yake yi, ba hawa ba." Ta rera mini. Ban taɓa jin Inna ta yi waƙa ba. Muryarta siririya ce, ba ta goce ko kaɗan ba.

Na ce, "Inna, ai haka Kawu ya koya mini."

"Na sani. A bakina ya koye ta, muna amare. Duk waƙar Barbarci da ka ji a hannunsa daga madafar can ta fito. Ni na hana shi faɗa wa kowa." Ta zauna a bakin gado. "Tun ranar farko ya iya ta daidai. Amma idan ina can ina aiki ya ga na daɗe ban leƙo ba, sai ya hau inda ake sauka. In taso da ludayi a hannu in ce, Malam, ba haka ba ne. Ya ce, au, zauna ki gyara mini. Shekara arba'in da biyu ina gyara masa wurin nan. Har hannunsa ya saba, ya koya maka a haka."

Na mayar da yatsuna kan haƙoran. Na ce, "To bari in gyara."

Ta girgiza kai. "Bar shi yadda ya ɓata shi."

Asabar ɗin nan na buga ta a wani biki. Da na kai gaɓar na hau, wata tsohuwa a cikin 'yan rakiya ta juyo ta harare ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata masa makwanci. Ya ba Inna haƙurin zama a gidan da ba mai kiran ta daga madafa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.